Farkon Tashen Joe Louis: Ƙarfin Hannunsa Ne Ko Dabarar Iyayen Gidansa?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna a kan shekaru ukun farko da Joe Louis, ɗan damben Amurka baƙar fata, ya yi a damben zamani, wato daga 1934 zuwa 1937, kafin ya zama gwarzon da duniya ta sani. Ya fara damben neman kuɗi ran 4 ga Yuli 1934 a Chicago, inda ya sumar da Jack Kracken a zagaye na farko, kuma kafin shekarar ta ƙare ya yi wasa 12 ba tare da an ci shi ba, 10 daga ciki ba su ma kai ƙarshe ba. A 1935 ya doke tsofaffin zakarun duniya biyu, Primo Carnera a watan Yuni da Max Baer a watan Satumba. Amma da ya haɗu da Max Schmeling na Jamus ran 19 ga Yuni 1936, sai aka sumar da shi a zagaye na 12.

Ra'ayina shi ne, iyayen gidansa, wato manajojinsa, su ne suka gina masa suna ta hanyar zaɓo masa manyan sunayen da ƙarfinsu ya riga ya ƙare, har jama'a suka ɗauka ya ƙosa alhali kuwa yaro ne mai shekara 22 da bai gama koyo ba. Mutum na farko da ya zo masa da tunani da shiri ya fallasa shi. Ina ganin gaggawa aka yi masa saboda kuɗi. Waɗanda suka fi ni sanin tarihin nan, me za ku ce?

Malamin_Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Fagge. Tambayar tana da kyau, amma maganar cewa ƙarfin mutanen ya ƙare tana bukatar a duba shekarunsu. An haifi Max Baer a 1909, saboda haka shekararsa 26 a daren da Louis ya doke shi, kuma wata uku kacal ke nan da rasa kambunsa na duniya na masu nauyi a hannun James Braddock. Carnera shekararsa 28. Wani abin lura kuma, Baer ɗin nan shi ne ya doke Schmeling a 1933, alƙali ya tsayar da wasan a zagaye na 10. Idan har za a ce Baer fanko ne, to me za a ce da Schmeling da ya sha kashi a hannunsa? Shi ya sa kafin wasan 1936 kusan kowa ya ɗauka Schmeling, mai shekara 30, shi ne wanda ya ƙare. Iyayen gidan Louis ba su jefa shi cikin haɗari da saninsu ba, sun zaɓi mutumin da suke ganin ya fi Baer sauƙi.

Bakatsine_77:
Malam, na yarda da maganar Baer, amma ban yarda da ta Carnera ba. Mutumin dogo ne ƙwarai, ya fi Louis nauyi da kusan kilo 30, sai dai an daɗe ana zargin cewa 'yan daba masu riƙe da shi sun saya masa wasanni da dama a hanyarsa ta zama zakara. Baer kansa ya yi ta kai shi ƙasa a 1934 kafin ya karɓe kambun. Paulino Uzcudun na Sifaniya kuma, wanda Louis ya doke a Disamba 1935, shekararsa 36, kuma daga wannan wasa bai sake shiga fili ba. Saboda haka maganar Ɗan Fagge tana da ƙamshin gaskiya.

Tsohon_Koci:
Ni na koyar da yara damben zamani shekaru masu yawa, don haka bari in yi magana a kan abin da ido ke gani a hotunan wasannin, waɗanda da yawansu suna nan a YouTube. Louis bai shigo damben kuɗi hannu rabbana ba. Ya yi wasa sama da 50 a matakin 'yan koyo, kuma a Afrilu 1934 ya ci kofin ƙasa na Amurka a ajin da ke ƙasa da na masu nauyi, a birnin St. Louis. Wasansa na farko ma tun yana ɗan koyo kashi ya sha, Johnny Miler ya kai shi ƙasa sau bakwai cikin zagaye biyu, kuma bai gudu ya bar sana'ar ba.

Wanda ya gina shi da gaske shi ne Jack Blackburn, tsohon ɗan dambe da ya taɓa karawa da irin su Joe Gans da Sam Langford. Blackburn ya same shi yana yawan tsalle-tsalle a fili, sai ya dasa masa ƙafafu a ƙasa, ya koya masa matsawa gaba da gajeren taku ba tare da ya ɗaga ƙafa sosai ba, domin duk lokacin da ya kai naushi nauyin jikinsa gaba ɗaya ya bi hannun. Ku kalli wasansa da Baer a hankali. A zagaye na uku akwai inda ya jera naushin hagu na gefe guda uku a jere, hannun bai yi wata doguwar tafiya ba, kafaɗa da ƙugu ne suke juyawa tare, Baer ya zube. Yaron da bai gama koyo ba ba ya iya wannan.

Lahaninsa guda ɗaya ne, kuma shi Schmeling ya gani. Idan Louis ya miƙa hagu, maimakon hannun ya koma kusa da haɓa ta hanyar da ya fita, sai ya ɗan sauka ƙasa kafin ya dawo. Wannan ɗan lokaci, ɓangaren hagu na fuskarsa a buɗe yake. Schmeling ya zauna a cikin 'yan kallo ranar wasan Uzcudun, ya kuma yi ta nazarin hotunan wasannin Louis, har ya shaida wa 'yan jarida cewa ya hango wani abu. A wasan sai ya karkata jiki baya, ya ajiye hannun dama a gefen fuska, ya yarda ya sha hagun Louis har idonsa ɗaya ya kumbura, yana jiran hannun ya sauka ya aika da dama ta samansa. A zagaye na huɗu ya kai Louis ƙasa, karo na farko tun da ya fara damben kuɗi. Daga nan har zagaye na 12 Louis a kan ƙarfin zuciya kawai yake tsaye.

Dan_Damagaram:
Baba Koci, Allah ya ƙara lafiya, bayaninka ya sa na fahimci abin sosai. Mu da muka tashi muna kallon damben gargajiya mun san haka: komai ƙarfin hannun da aka ɗaure wa zare, idan hannun kariya yana sauka bayan ka taɓa abokin karawa, to wanda ya iya jira zai kashe ka ko da ka fi shi ƙarfi. Tambayata ita ce, yaya aka yi gogagge kamar Blackburn bai ga wannan lahani ba, har sai da baƙo daga Jamus ya gani?

Tsohon_Koci:
Ɗan Damagaram, gani daban, gyarawa daban. Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na masu nauyi, shi ma ya faɗa a fili kafin wasan cewa tsayuwar Louis tana da matsala kuma mai dama mai kyau zai same shi, don haka ba sirri ba ne. Matsalar ita ce yaron da yake cin wasa ba ya jin gyara. Na taɓa samun wani yaro mai irin wannan ɗabi'a, na riƙa tsayawa gabansa da tawul a naɗe, duk lokacin da hagunsa ya sauka in maka masa a kunci, ya gyara a wurin horo, amma da zarar ya shiga fili ya ga abokin karawa na ja da baya sai ya koma gidan jiya. Bai daina ba sai ranar da aka farfaɗo da shi da ruwa.

Game da Louis kuma akwai maganar sansanin horo. Kafin wasan Schmeling an sauke shi a Lakewood ta jihar New Jersey, a lokacin ya shiga son wasan golf, yana ɓata sa'o'i a rana yana bin ƙwallo, ga baƙi suna ta zarya, Blackburn yana faɗa ba a saurarensa. Saboda haka ni ban ga gaggawar iyayen gida a nan ba, sakacin yaro na gani, wanda aka yi ta gaya masa cewa ba mai iya tsayawa gabansa.

Hajiya_Mai_Rediyo:
Ina biye da ku tun farko, kuma ina ganin akwai abin da ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ana maganar iyayen gidansa kamar 'yan kasuwa ne kawai masu neman riba. John Roxborough na Detroit da Julian Black na Chicago baƙaƙen fata ne, kuma sun san ƙasar da suke ciki. Tun da Jack Johnson ya rasa kambu a 1915 ba a sake barin baƙar fata ya yi takarar kambun masu nauyi ba. Lokacin da Johnson ya doke Jim Jeffries, tsohon zakara farar fata, a 1910, tarzoma ta ɓarke a garuruwa da dama har aka kashe mutane, akasarinsu baƙaƙe. Harry Wills, shi ma baƙar fata, ya shafe shekaru yana sahun gaba a zamanin zakara Jack Dempsey, har ƙarfinsa ya tafi ba a ba shi dama ba.

Shi ya sa suka gindaya wa Louis sharuɗɗa masu tsauri: kada a ɗauke shi hoto da mace farar fata, kada ya shiga gidan rawa shi kaɗai, kada ya yi murna ko dariya a kan wanda ya kayar, kada ya yarda da wasan da aka shirya sakamakonsa. Wannan fuskar tasa da ba ta motsi, wadda jaridun Turawa suka riƙa yi wa fassarar raini, rabinta horo ne, rabinta kuma halin yaron da ya tashi da in'ina da ƙarancin magana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, idan muna sauraron labarin wasannin Muhammad Ali a rediyo yakan ce da Louis bai haɗiye maganarsa ba, da Ali bai samu bakin yin tasa ba. A ganina saurin da suka yi dole ce ta sa, domin ƙofar da aka buɗe musu ba su san ranar da za a sake rufe ta ba.

Malamin_Tarihi:
Hajiya ta taɓo jijiyar maganar. Zan ƙara da cewa Blackburn da farko bai ma so karɓar aikin ba, saboda yana ganin baƙar fata ba shi da makoma a ajin masu nauyi. Da ya karɓa, abin da ya dasa wa yaron shi ne kada ya dogara da makin alƙalai, ya gama wasa da hannunsa, domin idan aka kai ga ƙidayar maki ba lallai a yi masa adalci ba. Wannan ya bayyana dalilin da salon Louis ya karkata ga farmaki fiye da kariya, kuma yana da alaƙa da lahanin da Baba Koci ya bayyana.

Sannan wasan Carnera na ran 25 ga Yuni 1935 a filin Yankee na New York ya wuce dambe kawai. A lokacin Mussolini, shugaban Italiya, yana tara sojoji don mamaye Habasha, abin da ya aikata a watan Oktoba na shekarar, kuma baƙaƙen Amurka sun ɗauki Habasha a matsayin abin alfaharinsu. Ga Ba'italiye ƙato, ga baƙin yaro ɗan shekara 21 wanda iyayensa manoman auduga ne daga Alabama. Ko da Carnera bai kai zakara na gaske ba, kamar yadda Bakatsine ya faɗa, nauyin da ke kan Louis a daren nan na gaske ne, kuma ya sauke shi cikin zagaye shida.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa ga manya. Ina da tambaya biyu. Na ga wasu suna rubuta cewa Louis ya ci wasa 27 kafin Schmeling, wasu kuma 24, wanne ne daidai? Na biyu, idan iyayen gidansa masu kishinsa ne kamar yadda Hajiya ta ce, me ya sa ya ƙare rayuwarsa cikin bashin haraji?

Malamin_Tarihi:
Ɗan'uwa na Kumasi, duka lissafin biyu suna yawo. Tsofaffin littattafai sun ƙidaya 27, amma masu bincike na baya sun cire wasa uku na 1935 da suke ganin na nuni ne kawai, sai ya koma 24. Game da kuɗi kuwa, Roxborough da Black sun riƙa ɗaukar rabin abin da yake samu, kuma su kansu da cacar lambobi suka yi arziki, ba waliyyai ba ne. Amma ka duba tazarar: wasansa na farko bai kai masa dala 60 ba, bayan wata 14 wasan Baer ya tara kimanin dala miliyan ɗaya, a tsakiyar matsin tattalin arzikin da Amurka ke ciki. Yaron da bai daɗe da barin aikin leburanci a masana'antar motoci ta Detroit ba ya samu irin wannan kuɗi, ga hannunsa a sake, yana rabo ga dangi da abokai. Bashin harajin ya fi tsananta ne daga shekarun yaƙin duniya na biyu, wannan kuma wani babi ne daban da wanda muke ciki.

Bakatsine_77:
Akwai mutum na uku da ba a ambata ba, wato Mike Jacobs, Bature mai shirya wasanni wanda ya ƙulla yarjejeniya da su a 1935. Shi ne ya shigar da Louis New York a lokacin da masu riƙe da babban zauren dambe na Madison Square Garden ba su da niyyar buɗe wa baƙar fata hanya. Kuma a nan ne nake ganin maganar Ɗan Fagge ta fi ƙarfi. Bayan wasan 1936, Schmeling ne ya cancanci karawa da Braddock mai riƙe da kambu, har an sa hannu an tsayar da rana a Yuni 1937. Jacobs ya zagaya ta baya ya yi wa ɓangaren Braddock alkawarin kashi 10 cikin 100 na ribar da shi Jacobs zai samu a wasannin kambun masu nauyi har shekara 10, Braddock ya watsar da Schmeling ya zaɓi Louis. Wanda aka sumar shi aka ba dama, wanda ya yi nasara aka bar shi a tsaye. Idan wannan ba dabarar iyayen gida ba ce, mece ce?

Hajiya_Mai_Rediyo:
Malam Bakatsine, abin da ka faɗa ya faru, ba na musu. Sai dai ka haɗa da cewa a lokacin akwai fargabar idan Schmeling ya ci kambun zai tafi da shi Jamus ta Hitler, inda ba za a taɓa barin Louis ya je ya nema ba, kuma ƙungiyoyi a Amurka sun yi barazanar ƙaurace wa wasan. An zalunci Schmeling a wannan karo, gaskiya ne, amma shekara 22 aka yi ana yi wa baƙaƙe irin wannan zagaye ba wanda ya ɗaga murya.

Dan_Fagge:
Na gode ƙwarai da waɗannan bayanai. Maganar shekarun Baer ta shige ni, haka ma bayanin Baba Koci a kan sansanin Lakewood. Amma har yanzu ina riƙe da wani ɓangare na ra'ayina. Baer ya shiga wasan da ciwon hannu, kuma alƙali ya ƙirga masa goma yana durƙushe a kan gwiwa ɗaya, idonsa biyu. Bayan faɗuwar Louis kuma wa aka kawo masa don ya farfaɗo? Jack Sharkey, mai shekara 33, wanda ya rasa kambu tun 1933. Braddock da Louis ya karɓi kambun a hannunsa ran 22 ga Yuni 1937 shekararsa 32, ya yi shekara biyu bai yi wasa ba, amma duk da haka ya kai Louis ƙasa a zagaye na farko kafin a sumar da shi a na takwas. Ina nufin, har ranar da ya zama zakara, haɓarsa tana samuwa ga duk mai dama.

Tsohon_Koci:
Malam Ɗan Fagge, kawo Sharkey wata biyu bayan irin wannan duka shi ne abin da duk mai hankali zai yi. Yaron da aka sumar, abin da ya fara karyewa a jikinsa ita ce zuciya, kuma idan ka bar shi ya daɗe a gida tsoro zai yi masa kanta. Kana bukatar mai suna wanda zai sa shi ya yi shiri da gaske, amma ba mai ƙarfin da zai sake illata shi ba. Maganar haɓa kuma na yarda da kai, an ci gaba da kai shi ƙasa jefi-jefi har ƙarshen sana'arsa. Bambancin shi ne bayan 1936 ya koyi tashi da hankalinsa a jikinsa. A wasan Braddock ya miƙe tun alƙali bai yi nisa da ƙirga ba, ya koma kan hagunsa, ya yi ta saran mutumin a hankali har zagaye na takwas. Louis na kafin Schmeling da fushi zai tashi.

Matashi_Kawo:
Iyayena, ku yi mini afuwa in sa baki. Mu da Mike Tyson muka fara sanin damben masu nauyi, kuma ina ganin kamanni. Shi ma ya fara a Maris 1985, ya zama zakara a Nuwamba 1986 yana ɗan shekara 20, ana ta cewa ba mai iya masa. Bambancin da nake gani shi ne Louis ya sha kashinsa kafin ya hau karaga, Blackburn kuma yana raye ya gyara shi, amma Tyson sai a 1990 Buster Douglas ya kayar da shi a Tokyo, lokacin kocinsa Cus D'Amato ya rasu tun 1985. Ashe ba za a ce faɗuwar 1936 ta zo wa Louis a kan kari ba?

Malamin_Tarihi:
Haka mutane da yawa suke gani, ɗana, kuma shi kansa Louis ya nuna cewa bai ɗauki kansa cikakken zakara ba sai ya rama a kan Schmeling, abin da ya yi ran 22 ga Yuni 1938 cikin minti biyu da daƙiƙa huɗu. Sai dai mu yi hattara da auna farkon mutum da abin da ya zama daga baya. Mu mun san ya riƙe kambun har 1949 ya kuma kare shi sau 25, shi ya sa komai na farkonsa yake yi mana kama da shiri mai kyau. Mutanen 1937 ba su san haka ba. A Janairu na shekarar Bob Pastor ya yi ta zagaye fili har zagaye 10 Louis bai kama shi ba, sai da maki ya ci. A Agusta kuma, wasansa na farko na kare kambu, Tommy Farr na Wales ya kai shi zagaye 15, har wasu 'yan kallo suka yi ihun rashin yarda da hukuncin. A wannan lokaci akwai marubutan wasanni da suke faɗin kusan abin da Ɗan Fagge ya buɗe zauren nan da shi.

Dan_Damagaram:
To idan haka ne, Baba Koci, ina roƙon ka duba mana wasan Farr ɗin ka gaya mana ko hagun nan yana sauka a ciki har yanzu, domin a can ne za a gane ko an gyara lahanin kafin ramuwar 1938, ko kuwa Louis ya hana Schmeling lokacin amfani da shi ne kawai.

Tsohon_Koci:
Zan duba in sha Allahu. Abin da zan iya faɗa tun yanzu shi ne Louis ya ji ciwo a hannun dama a wasan Farr, don haka da hagu ya yi yawancin aikin daren, kuma Farr ba mai nauyin naushi ba ne kamar Schmeling, saboda haka ko hannun ya sauka ba lallai a ga sakamakonsa ba. Wanda yake da cikakken hoton wasan, ba guntu ba, ya sa mana a nan, mu kalli zagaye na tsakiya tare.